Daga juji zuwa dandali: yadda muka ceto filin unguwarmu da kuɗin aljihunmu

A zangon karatun da ya gabata, ina koyar da ɗaliban aji uku darasin sauyin ma'anar kalmomi, sai na rubuta kalmar "dandali" a kan allo, na nemi kowa ya kawo jimla guda da ita. Jimlolin da suka biyo baya kusan duk tafiyarsu ɗaya. Wani ya ce ya ga labari a dandalin Facebook, wata ta ce an cire ta daga dandalin WhatsApp na 'yan ajinsu. Sai can daga baya wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce kakarta kan ba su labarin yadda 'yan mata ke fita dandali da farin wata, su yi gaɗa har dare ya raba. Aji ya fashe da dariya, kamar ta kawo labarin wata ƙasa.

Ni dai ban yi dariya ba, domin abin da ya faru a ajin nan shi ne ainihin darasin ranar. Idan abu ya ɓace daga rayuwar al'umma, kalmar da ake kiran sa da ita takan mutu, ko kuma ta yi hijira ta koma kan wani abin. Dandali, wanda masana harshe da dama ke ganin daga Barebari muka aro shi, kuma har yau akwai Dandal a ƙofar fadar Shehun Borno a Maiduguri, ya tashi daga ƙasa ya koma cikin wayar hannu. Ko a Turancin ƙasar nan, kalmar da Bature ke kiran lambun shaƙatawa da ita, in ka faɗa wa mai adaidaita sahu, tashar mota zai kai ka. Harshe ya riga ya rubuta tarihin abin da muka yi da filayenmu tun kafin mu farga.

Ina filayen suka tafi?

Duk wanda ya taso a Kano ko Zariya ko Katsina ko Sakkwato shekara talatin zuwa arba'in da suka wuce ya san kowace unguwa tana da inda yara ke langa da ƙwallo, 'yan mata na carafke da 'yar gala-gala, dattawa na zaune gindin durumi ko ceɗiya suna dara. A yau je ka nemi waɗannan wurare. Wani ya zama rukunin shaguna, wani gidan mai, wani kuwa an yanka shi fulotai. Harabar makarantun firamare, wadda ita ce mafakar ƙarshe ta yaran unguwa, an zagaye ta da shaguna ta waje. Kududdufan da ke karɓar ruwan damina an cike su an yi gini, shi ya sa ruwan da ya rasa masauki yake shiga ɗakunan mutane duk watan Agusta. A watan Yunin 2023 gwamnatin Jihar Kano ta rushe shagunan da aka gina a filin Idi na Ƙofar Mata da wasu wurare, magana ta kai gaban kotu, aka shiga batun diyya. Ba na nufin shiga siyasar wannan rikici, abin da nake so mai karatu ya lura da shi kawai shi ne, idan filin da ake sallar Idi a cikinsa bai tsira daga gini ba, ina ga ɗan filin da yara ke buga ƙwallon roba?

Wannan ba maganar nishaɗi ce kawai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, yaro kuwa daga shekara 5 zuwa 17 ya samu minti 60 a kullum. Likitocinmu na ta faɗa wa masu hawan jini da ciwon suga su riƙa tattaki. To, a ina? A kan titin da babu gefen masu tafiya a ƙasa, cikin hayaƙi da ƙura, ana kauce wa babura? Yaron da aka hana wa fili kuma ba zama zai yi ba, wani wurin zai nema, sau da yawa kuma wurin da zai samu ba wanda iyayensa za su so ba ne.

Ranar da aka zo da igiya

A unguwarmu akwai wani fili da taswirar farko ta shimfiɗa unguwar ta ware shi domin wasan yara da shan iska. Ba a taɓa gina komai a cikinsa ba, in ban da wasu benci na siminti da suka farfashe da wani lilo da tsatsa ta cinye. Sannu a hankali ya zama juji. Kowa ya san haka, har da ni, domin ba zan rantse cewa sharar gidana ba ta taɓa zuwa can ba. Da dare kuwa matattara ce ta masu shaye-shaye, mata ba sa bi ta wurin bayan magariba. Shekara da shekaru muna wucewa muna toshe hanci muna cewa gwamnati ba ta yi komai ba.

Wata Asabar da safe sai ga wasu mutane da na'urar safiyo da igiya da turakun siminti, sun fara awo. Da aka tambaye su sai suka ce aiko su aka yi, ba su kuma faɗi wanda ya aiko su ba. Kafin azahar labari ya gama unguwa. Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa, kowa na kumfar baki. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya bari kowa ya gama, sannan ya ce: "Ranka ya daɗe, ni ban ga laifin mutanen nan ba. Sun ga abin da ba shi da mai shi ne suka zo ɗauka. Wanda ya mai da gonarsa bola, shi ya yi wa ɓarawo iso." Wurin ya yi tsit. A nan aka kafa kwamiti, aka kuma ɗora mini aikin sakatare, wai don ni ne malamin harshe, na fi kowa iya rubuta wasiƙa.

Takarda kafin siminti

Darasi na farko da muka koya shi ne cewa kada a sayi ko bulo ɗaya kafin a san matsayin filin a idon doka. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, filayen cikin birni kuma shi ke da ikon ba da takardar mallakarsu. Ke nan duk yawan shekarun da yaranmu suka yi suna wasa a wurin, hakan bai ba mu wata hujja ba. Hujjarmu ita ce taswirar asali, wadda ta nuna an ware wurin ne don amfanin jama'a. Samun kwafinta ya ci mana watanni na zirga-zirga, yau a ce fayil na wurin oga, gobe a ce mai makullin ɗakin ajiya ya tafi ta'aziyya. Wani lauya ɗan unguwa ya ba mu shawarar mu yi wa ƙungiyarmu rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni a matsayin ƙungiya mai amintattu, kamar yadda Dokar Kamfanoni ta 2020 ta tanada, domin ta haka ne za mu iya buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mu sa hannu a yarjejeniya, mu kuma shigar da ƙara in ta kama.

A ƙarshe ba mu nemi a mallaka mana filin ba, kuma ina ba duk wata unguwa shawarar kada ta nemi haka. Filin da aka mallaka wa kwamiti, gobe 'ya'yan 'yan kwamiti za su iya cewa gadon ubansu ne. Abin da muka samu shi ne rubutacciyar amincewa cewa filin yana nan a matsayin na jama'a, ƙungiyar unguwa kuma ita ke kula da shi. Masu igiya ba su sake dawowa ba.

Yadda aka tara kuɗin

Hausawa ba baƙi ba ne ga aikin haɗin gwiwa. Muna da gayya a gona, muna da adashi a kasuwa, muna da gudummawa a biki, kuma babu unguwar da ta rasa tara kuɗin gina masallaci ko gyaran taransufoma. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne tara kuɗi domin wurin da yara za su yi wasa. Wasu sun ɗauki abin almubazzaranci, wani ma ya tambaye ni ko lilo zai cika wa yaro ciki.

Ƙofa uku muka buɗe. Ta farko, kuɗin wata-wata a kan kowane gida, daidai ƙarfin mai gidan, ba tare da tilas ba. Ta biyu, gudummawa daga masu hali da 'ya'yan unguwa da ke aiki a Abuja da Legas da ƙasashen waje. Ta uku, wadda ta fi ba ni mamaki, ita ce ta waɗanda ba su da kuɗi amma suna da hannu. Mai walda ya ƙera turakun raga da ƙofa, kuɗin ƙarfe kawai ya karɓa. Birkiloli suka ba da ranakun Lahadi. Mai tifa ya kwashe shara, man mota kaɗai aka zuba masa. Samarin da muke zargi da shaye-shaye, da yawansu su ne suka riƙe shebur a ranakun gayya, domin an yi musu alkawarin filin ƙwallo.

Abin da ya riƙe amanar mutane kuwa ba wa'azi ba ne, rasit ne. Mutum uku ke sa hannu kafin a cire ko kwabo. A ƙarshen kowane wata ana liƙa lissafin shiga da fita a allon ƙofar masallaci, a kuma karanta shi da Hausa a taron unguwa. Na lura cewa duk watan da aka makara wajen liƙa lissafi, kuɗin wata mai zuwa sai ya ragu. Mutanenmu ba rowa gare su ba, an sha cin amanarsu ne.

Kurakuranmu

Ba zan ɓoye inda muka yi tuntuɓe ba, domin a nan amfanin labarin yake. Mun fara da abin da ido ke gani: lilo da fenti da benci. Muka dasa itatuwa a ƙarshen damina ba tare da mun tanadi ruwa ba. Kafin bazara ta ƙare, zafin Afrilu ya ƙone rabinsu, awaki suka ƙarasa sauran. Sarƙar lilo ma ba ta yi wata biyu ba aka kwance ta da dare. Sai da muka koma baya muka yi abin da ya kamata a fara da shi: shinge, rijiyar burtsatse da tanki mai aiki da hasken rana, fitilu, da mai gadi mai albashi. A karo na biyu muka bar itatuwan ƙawa na ƙasashen waje, muka dasa dalbejiya da maɗaci da tsamiya da mangwaro, kowanne da kejinsa, aka kuma danƙa kowace bishiya a hannun wani gida. Daga nan muka yanke cewa duk abin da ya shigo, kashi ɗaya cikin uku na gyara ne da albashi, ba a taɓa shi don sabon gini. Ƙasar nan cike take da ayyukan da aka yi bikin buɗe su, ba a tanadi kuɗin sauya ƙwan fitila ba.

Kuskure na biyu ya fi na farko nauyi. Mun zana filin ƙwallon ƙafa da na ƙwallon kwando da wurin zaman dattawa, muna ganin mun gama. Sai wata Hajiya, tsohuwar shugabar makaranta, ta tare ni a hanya ta ce: "Dakta, kun zauna ku maza kun raba fili tsakaninku, mu kuma kuɗin adashinmu kawai kuka sani. Likita ya ce in riƙa tafiya, a tsakar gida zan yi ta zagaya turmi?" Ban sami amsar ba ta ba. Aka sake zane, aka fitar da hanyar tattaki mai zagaye filin, aka gina ban-ɗaki na mata daban, aka kuma keɓe safiya, daga bayan asuba zuwa hantsi, ga mata da ƙananan yara, mace ce ke tsaron ƙofa a lokacin. Aka ƙara mata biyu cikin amintattu. A yau lokacin matan ne ya fi kowane cika.

Abin da wasu suka yi kafin mu

Da nake neman misalan da zan ƙarfafa wa kwamiti gwiwa da su, biyu sun tsaya mini a rai. Na farko shi ne Central Park na birnin New York a Amurka, mai faɗin eka 843. Bayan matsin kuɗin da birnin ya shiga a 1975, lambun ya lalace, ciyawa ta mutu, gine-gine suka cika da zane-zanen banza, mutane suka riƙa tsoron shigarsa. A 1980 wasu mazauna birnin, ƙarƙashin jagorancin Elizabeth Barlow Rogers, suka kafa ƙungiyar kula da shi, suka riƙa tara kuɗi daga jama'a, har a 1998 hukumar birnin ta sa hannu a yarjejeniyar da ta danƙa musu gudanar da shi, alhali filin yana nan mallakar birni. Ɗaya daga dabarunsu ita ce raba lambun shiyya-shiyya, kowace da mutumin da za a tuhuma in ta lalace. Daga nan muka aro dabarar ba kowane gida bishiyarsa.

Na biyu shi ne lambun Al-Azhar na Alƙahira a Masar. Wurin juji ne da aka yi kimanin shekara 500 ana zuba masa shara da ɓaraguzai. Aga Khan ya bayyana niyyar gina lambun a 1984, gidauniyarsa ta kashe kimanin dala miliyan 30, aka buɗe shi a 2005, mai faɗin kusan hekta 30. Wajen haƙa aka tono wani dogon sashe na ganuwar zamanin Ayyubawa da ƙasa ta binne, aka kuma haɗa aikin da gyaran gidaje da koyar da sana'a a unguwar Darb al-Ahmar da ke maƙwabtaka. Idan jujin shekara 500 zai zama lambu, namu na shekara ashirin ba shi da uzuri.

Haɗarin da ke cikin nasara

Amma akwai wani gefen labarin New York da ya kamata mu ji. A 2012 wani attajiri, John Paulson, ya ba ƙungiyar Central Park kyautar dala miliyan 100 shi kaɗai, a daidai lokacin da ƙananan filayen unguwannin talakawa ke fama da fasasshen daɓe, domin ba su da maƙwabta masu arziki. Ƙorafi ya yi yawa, har a 2014 magajin garin, Bill de Blasio, ya ware dala miliyan 130 domin gyara irin waɗannan filaye guda 35. Ma'ana, kuɗin al'umma yana bin inda masu kuɗi suke ne. Unguwarmu tana da lauya da injiniya da malamin jami'a da 'ya'ya a ƙasashen waje. Unguwar da ke bayanmu, wadda ta fi mu yawan yara nesa ba kusa ba, ba ta da ko fili, balle mai rubuta mata wasiƙa.

Wannan ne ya haddasa muhawara mafi zafi a kwamitinmu. Da aka buɗe filin, yaran waccan unguwar da almajirai suka cika shi. Wasu daga cikin waɗanda suka ba da kuɗi mai tsoka suka nemi a sa kuɗin shiga, ko a yi wa 'ya'yan unguwa kati. Suna da hujja, domin kayan wasa na saurin lalacewa, kuma lambun Al-Azhar kansa ana biyan kuɗin shiga. Dattijon nan na jirgin ƙasa ya sake tashi, ya ce: "'Ya'yana, mun ƙwace filin nan ne da hujjar cewa na jama'a ne. In muka sa masa kati, mu ma mun zama masu igiya." Aka tsaya a kan cewa shiga kyauta ce ga kowa. Kuɗin gyara kuma yana fitowa daga kuɗin wata-wata, da hayar fili ga ƙungiyoyin ƙwallo na manya a wasu ranaku, da ɗan abin da masu sayar da zoɓo da ƙunun aya ke biya. An kuma rubuta a kundin ƙungiya cewa ba za a gina shago na dindindin a cikin filin ba, domin ta wannan ƙofar ce filaye da yawa suka salwanta.

Haɗari na biyu shi ne a ɗauke wa hukuma nauyin da ke kanta. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ginawa da kula da lambuna da wuraren shaƙatawa da buɗaɗɗun filaye cikin ayyukan ƙaramar hukuma, tare da tituna da magudanan ruwa. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Don haka idan al'umma ta gyara fili da guminta, ba kyauta ta yi wa shugaban ƙaramar hukuma ba, bashi ta ba shi. Haƙƙinmu ne mu nemi ya ɗauki albashin mai gadi da kwashe shara, ya kuma kai irin wannan aiki unguwannin da ba za su iya tara komai ba.

Ga masu hali kuma, ina tunatar da su ƙofar waƙafi. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Haibara a matsayin waƙafi. Jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi. Mun taƙaita fahimtarmu ta sadaka mai gudana ga masallaci da rijiya, har ta kai a wasu layuka masallatai biyu na kallon juna, yaran layin kuwa na buga ƙwallo a kan kwalta tsakanin motoci. Fuloti guda da aka tsayar domin inuwa da wasan yara, da takardar da ta hana sayar da shi har abada, shi ma abin neman lada ne.

Kira ga masu karatu

Mafi yawan masu karanta wannan shafi su ne irin mutanen da kowace unguwa ke buƙata: lauyoyi, likitoci, injiniyoyi, akantoci, malamai, ma'aikatan gwamnati da suka san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Mu ne kuma muka fi kowa janye jiki, mu ɗaga katanga, mu kai 'ya'yanmu wuraren wasa na kuɗi a ƙarshen mako, mu bar na maƙwabta a titi. Ina roƙon kowa ya yi abu ɗaya a wannan watan: ya nemi taswirar unguwarsa, ya duba inda aka ware wa jama'a, ya je ya ga abin da ke wurin yanzu. In fili ne har yau, ko da juji ne, to a tara mutane kafin masu igiya su iso.

Jiya da yamma na bi ta filinmu, na tarar da wasu 'yan mata ƙanana sun zana layuka a ƙasa suna 'yar gala-gala, wata tsohuwa na zaune a benci tana gyara musu ƙa'idar wasan. Na ji wata uwa daga ƙofar gida tana tambayar ina 'yarta, aka amsa mata da cewa tana dandali. A zango mai zuwa, in Allah Ya kai mu, da wannan jimlar zan fara darasi. Allah Ya sa mu dace, Ya kuma ba shugabanninmu ikon riƙe amanar da ke hannunsu.